Juma'ar da Ba Na Rawa

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana

Sun liƙa takardar a ƙofar ɗakin atisaye. Rawar bankwana ta Amparo Etchegoyen, wato ni, “Matar Mai Fitila”, Juma'a 18 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma. Sau uku na karanta. Na buɗe kalanda a waya duk da na riga na sani. Juma'a Mai Tsarki ce.

Shekara ashirin da huɗu ina rawar bale, wadda ake yi a kan tsinin yatsa, a ƙungiyar nan. Cikin sha tara na ƙarshe ban taɓa taka dandamali a wannan rana da aka gicciye Ubangiji ba, kuma babu wanda bai sani ba, har mai goge madubi. Yamandú ya fi kowa sani. Yanzu shi ne shugaba, yana da ofis da kujera mai juyawa, amma shekara sha ɗaya shi ne abokin rawata, shi ke ɗaga ni sama.

Na shiga ban ƙwanƙwasa ba.

“Dogo, wasa kake yi?”

“Zauna, Siririya.”

“Ba zama ya kawo ni ba. Ka duba kalanda?”

“Ranar kaɗai gidan wasa ya ba mu. Bayan Ista za su rufe su gyara rufi har watan Agusta, ke kuma aikinki da mu Afrilu zai ƙare.”

“Alhamis fa?”

“Gwajin ƙarshe ne.”

“Asabar?”

“An ba makaɗa.” Yana magana yana zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha, bai ɗago kai ba, bai kuma miƙo mini ba. “In ba za ki iya ba, Candela ta san rawar.”

In ba zan iya ba. Kalmomin da ya zaɓa ke nan.

Kwatangwalona lafiya lau.

Talata, 18 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Ban yi addu'a ba. Na durƙusa dai, na ce Masa: Ka gani ai.

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Kowa a ɗakin atisaye ya zama likitan zuciya. Ana mini magana a hankali kamar wadda aka yi wa rasuwa.

Ezequiel, wanda ke ɗaga ni yanzu, ya zo da fuskar tausayi. “Malama, rana ɗaya ce fa. Allah ba zai sayi tikiti ya zo ya gani ba.”

Na ce masa, “Kai da ba ka hawa dandamali sai ka taɓa ƙasa sau uku ka sumbaci yatsa, kai ne za ka koya mini hankali?”

Haka suke duka. Wannan ba ta sa rawaya ranar wasa, wancan yana da safa ɗaya da bai wanke ba tun yana makaranta. Nasu al'adar sana'a ce, nawa ne camfi. A ƙasar da gwamnati ke kiran makon mutuwar Ubangiji “Makon Yawon Buɗe Ido”, me nake jira? Rabin Montevideo za su tafi kamun kifi, rabi su zo kallona.

Candela shekararta ashirin da biyu. Ƙafafu har wuya, ba ta san gajiya ba, kuma ba ta yi mini komai ba. Wannan ne ya fi ba ni haushi. Da mara kunya ce da na samu inda zan sauke.

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe sha biyu da rabi

Bayan sujada na tsare Fada Atilio a ɗakin riguna. Ya tsufa, kunne ɗaya ya mutu, sai da na faɗa sau biyu.

Ya ce, “Amparo, 'yata, abin nan mai sauƙi ne. Alkawarin da mutum ya yi shi kaɗai tsakaninsa da Allah, coci ta ba ni ikon in sauya masa shi da wani aikin kirki. Ki yi rawarki. A madadinsa ki riƙa ziyartar marasa lafiya duk Juma'a har shekara.”

“Na san dokar, Fada. Na karanta ta kafin ka gama makarantar fada-fada.”

“Wannan kuma ƙarya ce, ki zo ki furta ta ranar Asabar.”

“Kana wurin lokacin da na yi alkawarin?”

“A'a.”

“To ba da kai na yi cinikin ba.”

Ya cire tabarau ya goge da hannun riga. “Ciniki. Kin ji abin da kika ce? Allah ba shi da shago, Amparo. Da ya bar miki 'yarki ko kin yi alkawari ko ba ki yi ba.”

Na ce, “Akwai wata mata a gadon da ke kusa da nawa a asibiti. Ita ma ta roƙa.”

Ya mayar da tabarau. Ni kuma na fito. Na karanta tarihin tsarkaka mata da yawa, waɗanda aka ƙone da waɗanda aka yanke, ban ga wadda aka ce mata ta kawo alkawarinta a canza mata kamar rigar da ta yi kaɗan ba.

Laraba, 26 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Na shirya takalma ƙafa uku. Na ɗinka igiyoyin da zaren sakace, don ya fi zaren ɗinki ƙarfi, na yanke tafin ciki daidai inda ƙafata ke lanƙwasa, na buga bakin kowanne a jikin ƙofa har ya daina ƙara. Aikin da na yi sau dubbai, hannuna na yi ba sai na duba ba.

Doña Nélida mai kula da rigunanmu ta leƙo da allurai a baki. Ta tofa su a tafin hannu.

“'Yar nan, wadda ta ce ba za ta yi rawa ba, me take yi da takalma uku?”

“Ban ce ba zan yi ba.”

“Au, za ki yi?”

“Ban ce zan yi ba.”

“To ni rigar wa zan matse? Ku yi wa tsufana adalci.”

A nan gidan, in mace ta yi rawarta ta ƙarshe, bayan an gama tafi sai ta zauna a tsakiyar dandamali gaban jama'a, ta kwance takalmanta, ta bar su nan, ta fita da ƙafa tsirara. Labule ya sauko a kansu. Sau bakwai na tsaya a gefe na kalli wasu suna yi. Tun ina da shekara sha tara na san da wace ƙafa zan fara kwancewa.

Juma'a, 28 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Na'urar hawa bene ta gidanmu ta sake lalacewa. Na tsaya a hawa na uku don in duba saƙo a waya. Babu saƙo. Na sake tsayawa a na huɗu.

Kwatangwalona lafiya lau.

Litinin, 31 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Dogo ya aiko a ce mini in riƙa koya wa Candela, “ko da za a buƙata.” Bai zo da kansa ba. Matsoraci.

Rawar nan a jikina aka ƙirƙire ta. Marigayi Malam Zubillaga ya tsara ta ina tsaye a gabansa, wata huɗu yana zagina. Matar mai gadin fitilar teku, mijinta ya fita da kwalekwale bai dawo ba, ita ke hawa hasumiya tana kunna wutar. A kashi na biyu akwai hawan matakala: tsalle sha shida a kan tsinin yatsan hagu, ba sauka, ba hutu.

Candela ta yi sha shidan, ta ƙara huɗu don nishaɗi, ta juyo tana murmushi.

Na ce, “Me kike wa murmushi? Mijinki ya mutu.”

“Ai ba ta sani ba tukuna, Malama.”

“Ta sani. Tun matakala ta farko ta sani. Shi ya sa take hawa.”

Na nuna mata da hannu, yadda mukan yi in muna tuna rawa ba ma son ɓata ƙarfi: tafin hannu ya zama ƙafa, yatsu su yi tsalle. Ta tsaya tana kallon hannuna.

“Malama, don Allah ki nuna mini da ƙafa.”

Na ce gobe.

Talata, 1 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Na ce mata gobe.

Laraba, 2 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na yamma

An yi ruwa, 'yata Soledad ta soya mana torta frita, wainar fulawa, kamar yadda kakarta ke yi duk ranar ruwa, ɗakin girki duk ƙamshin kitse. Na ci rabin guda. Tun da ta shiga karatun likita ta zama mai ido a kan kowa.

“Mama, ki yi rawarki mana. Kina tsammanin in kin hau dandamali zan faɗi matacciya a ɗakin karatu?”

“Ba na tsammanin komai.”

“Kwalba da nas-nas ne suka raya ni. Na ga takardun.”

“Wa ya yi nas-nas ɗin?”

“Iyayensu.” Ta yi dariya, ni ban yi ba. Sai ta daina. “Kin san yadda abin yake? Tun ina ƙarama duk shekara akwai rana ɗaya da kike zaune a gida da fuska kamar an mare ki, kowa kuma ya san saboda ni ne. Ni ban roƙa ba.”

Ta buɗe firij za ta ɗauko madara, ta tsaya. Ta ƙirga ledojin ƙanƙara. Ta ɗago ƙaramar kwalbar da na ɓoye bayan man shanu, ta karanta jikinta.

“Wa ke miki allurar nan? Tun yaushe?”

Abin da na ce mata ba zan rubuta ba. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa a hankali. Da ta buga ta da ya fi mini.

Asabar, 5 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Giram ɗari tara ne nauyin Soledad ranar da na haife ta. Ƙafarta ba ta kai babban yatsana ba. Likita ya ce kada in sa rai ta kai Lahadi.

Ranar Juma'a Mai Tsarki ce. Na sauko daga gado ba da izini ba, na bi bango har tagar ɗakin jarirai, na ce: Ka bar mini ita, ni kuma wannan rana taKa ce, ba zan ƙara rawa a cikinta ba muddin ina raye. Ba ni da wani abu. Ba ni da miji a ranar, ba ni da gida nawa. Ƙafa kawai nake da ita, ita na bayar.

Abin da na yi ranar Alhamis ɗin da ta gabaci wannan Juma'a na faɗa wa fada uku daban-daban. Duk ukun sun ce an yafe. Ni ce dai ban yafe wa kaina ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Hotona na jikin kowace tashar bas daga nan har bakin ruwa. Tikiti ya ƙare. Matan unguwarmu ta garin Tacuarembó, inda na taso, sun yi hayar mota, su sha huɗu, har da wadda ta fara koya mini tsayuwa a ɗakin ajiyar hatsi.

Ina so. To na rubuta. Ina so in tsaya gaban mutum dubu da ɗari biyu su miƙe tsaye. Ina son furannin, ina son in kwance takalman nan a hankali har wani ya yi kuka a bene na sama. Ba tawali'u ba ne, na sani, ba sai an gaya mini ba. Shekara talatin da biyar ina jin yunwa, farcena ya cire ya fito ya sake cirewa, ban je jana'izar mahaifina ba don muna ƙasar waje. Yamma ɗaya nake nema.

Sau biyu na ɗauki waya zan kira Fada Atilio in ce ya kawo sauyin nasa. Sau biyu na ajiye.

Ka san ina so. Shi ya sa Ka yi shiru.

Juma'a, 11 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana



Doña Nélida na gwada mini riga, tana mita kamar kullum, sai ta ce, “Ni ban ga dalilin da ya ƙi Asabar ba. Da na samu kwana ɗaya ƙari.”

“Wa ya ƙi Asabar?”

Ta dube ni, ta mayar da allurai baki don kada ta ƙara magana. Ɗan 'yar'uwarta ne ke riƙe da littafin ranakun gidan wasa. Sun ba Yamandú zaɓi, Juma'a ko Asabar. Shi ya zaɓa.

Na hau ofishinsa da rigar a jikina, allurai na sukata.

“Sun ba ka Asabar.”

Ya tashi ya rufe ƙofa. “Sun ba ni.”

“Me na yi maka? Don abin da na faɗa a taron Disamba ne? Ka faɗa mini a fuska!”

“Ba ruwan Disamba. Kin tuna ranar da na riƙe ki a watan Fabrairu, ina nuna wa Ezequiel ɗagawar ƙarshe?”

“To?”

“Kin ba ni nauyinki duka, Siririya. Ba ki tura da ƙafar hagu ba ko kaɗan. Madubi bai gani ba, yaran ba su gani ba. Hannuna ya ji. Shekara sha ɗaya ina ɗaga ki, sau ɗaya tak kika taɓa yi mini haka.”

Na ce ya yi shiru. Bai yi ba.

“Ranar Alhamis ɗin nan. Da cikin wata shida ɗaure a ƙarƙashin riga don kada a ba wata matsayinki. Tun wata na uku hannuna ya sani. Ban faɗa wa kowa ba, na ɗaga ki, na sauke ki, kika yi tsallenki sha shida, da asuba aka kai ki asibiti. Wancan karon na yi shiru. Wannan karon ba zan zauna a layi na takwas in kalli ƙafar nan ta karye gaban gari ba.”

“Sai ka sa ranar da ka san zan ƙi.”

“Na buɗe miki ƙofa. Za a ce ta riƙe alkawarinta. Ba za a ce ta faɗi ba.”

Na ɗauki ƙoƙon mate ɗinsa na jefa bango. Ganye ya watsu a kan hoton Malam Zubillaga. Ban ba da haƙuri ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Da ƙiyayya ce da na san yadda zan yi da ita.

Lahadi, 13 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Lahadin ganye. Na tsaya a ƙofar coci da reshen zaitun a hannu, yara na dukan juna da nasu, sai na gane abin da ya sace mini.

Duk shekara in na zauna a gida ranar nan, da zan iya rawa. Na iya, na bari. Abin da ya sa ya zama kyauta ke nan. Bana kuwa, in na zauna, wa ya san dalili? Ni kaina ban sani ba. Tun ranar da aka liƙa takardar nake fushi, amma a ƙarƙashin fushin akwai wani abu kamar sauƙi, kuma na ji shi, ba zan yi ƙarya a littafina ba. Na ɓoye ƙafata a bayan Allah. Na ɓoye ta a bayan 'yata.

Zan je gaban gicciye ranar Juma'a in miƙa Masa abin da ba ni da shi, in ce ga sadaka. Ba yaro ba ne Shi.

Ko in yi rawa ranar Juma'a don in kunyata Dogo, in karya alkawari saboda girman kai. Ko in ƙi, alkawarin ya zama labulen gurguwa. Ya iya shirya tarko, tun yana saurayi ya iya.

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Yau Soledad ta cika sha tara. Na bar mata kyauta a ƙofar ɗaki. Har yanzu gaisuwa kawai muke yi.

Na samu Candela ita kaɗai tana ɗaure yatsu da filasta. Gwajin ƙarshe na ranar Alhamis, da makaɗa da fitilu da riguna, na wadda za ta yi wasan ne. Haka ake yi ko'ina, kuma sau ɗaya ake yi. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe babban matsayi ba, in an hana ta shi, za ta fita gaban jama'a ba ta san inda haske zai makantar da ita ba, ba ta san saurin mai jagoran kiɗa ba. Da wata ta roƙe ni wannan ina shekararta da na yi mata dariya.

Na ce, “Juma'a taki ce. Ba zan yi ba. Amma ina son Alhamis.”

Ta daina naɗa filastar. “Duka? Kashi biyun?”

“Duka.”

“Malama, kin san abin da kike tambaya?”

“Na sani. Ki ce a'a in kina so, ba zan riƙe ki ba.”

“Za ki riƙe ni mana, har kabari.” Ta ciji filasta ta yanke. “Mako biyu kina ce mini gobe. Bidiyon da muke da shi daga nesa aka ɗauka, ba a ganin fuska. Ni ban taɓa ganin matar nan ta hau matakala ba. Ki ɗauki Alhamis. Amma da ƙafa, ba da hannu ba.”

Ashe mara kunyar ce. Na gode Allah.

Talata, 15 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Yamandú ya ce bai yarda ba. Candela ta je ta sanar da shi cewa ranar Alhamis za ta yi ciwon kai daga ƙarfe biyu zuwa biyar, in yana son makaɗa arba'in su yi wa dandamali fanko kiɗa, ruwansa.

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na gaya wa Soledad. Ta sa na kwanta a kan tabarmar atisaye, ta ɗaga ƙafar ta juya ta waje. Ban yi ƙara ba. Ta kalli fuskata, ta sauke ƙafar kamar ƙwai.

“Ƙashi ke goga ƙashi, Mama. Ni 'yar shekarar farko ma na ji.”

“Zai kai sha shida?”

“Ban sani ba. In ya kai, ba zai ƙara kai ki ko'ina ba.”

“Ba inda za ni.”

“Don a tabbatar wa wa? Kawu Yamandú?”

“Don in samu abin da zan bari.”

“Ban gane ba, kuma ina ganin hauka ne. Zan zo. Ba don Allahnki ba, don in kawo ƙanƙara.”

Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na yamma

Mutum ashirin da uku a kujeru dubu da ɗari biyu. Na ƙirga ta ramin labule. Masu shara uku, masu fitila, Doña Nélida da allurai a ƙirji, Soledad da akwatin ƙanƙara a cinya, Candela a layin farko da hannu a goshi tana ciwon kanta. Dogo a layi na takwas.

Kashi na farko ya wuce, ba abin faɗa. A hutu na canza takalma, na ɗaure na uku, na yi alamar gicciye. Ban roƙi komai ba. Na gaji da roƙo.

Matakala. Ɗaya zuwa takwas na ji kiɗa. A na tara na daina jin kiɗa. A na sha biyu wani abu ya motsa a cikin gaɓar da bai kamata ya motsa ba, farin haske ya cika mini ido, na ce a raina, mijinki ya mutu, hau. Sha uku. Sha huɗu. Ban san wa ya yi sha biyar ba. Sha shida, na kai hannu na kunna fitilar, ina tsaye. Ina tsaye.

A ɗagawar ƙarshe na tura da hagu. Ezequiel ya kusa wurgar da ni saboda bai saba ba.

Babu wanda ya tafa da farko. Sai ɗaya daga cikin masu shara ta jingine tsintsiya ta fara, makaɗa suka bi da buga ƙafa a ƙasa. Na zauna a tsakiyar dandamali, gaskiya ma ba zan iya tsayuwa ba. Na fara da hagu kamar yadda na shirya tun ina yarinya. Na jera su, na gyara igiyoyin.

Yamandú ya taho har bakin dandamali. Hancinsa ya yi ja.

“Kin yi latti a juyi na uku.”

“Mai kiɗanka ne ya yi sauri.”

“Na yi kuskure, Amparo.” Bai taɓa kirana da sunana ba sai yau. “Gobe taki ce in kina so. Zan sa a yi miki allura, za ki iya sau ɗaya kuma. Na gani da idona.”

Na ga Candela ta sauke hannu daga goshi. Na ga mutum dubu da ɗari biyu a kujerun nan, na ga matan Tacuarembó, na ji ƙamshin furannin. Zan iya. Shi ya faɗa, ni ma na sani.

Na ce, “Dogo, ka manta? Gobe ba na rawa.”

Na fita da ƙafa tsirara. Taku goma sha ɗaya ne zuwa gefe, na yi su ni kaɗai. Daga nan Soledad ta karɓe ni.

Juma'a, 18 ga Afrilu, ƙarfe shida da kwata na yamma

Ƙarfe uku muka shiga coci, ni da sandar marigayiya mahaifiyata da 'yar da ba ta yarda da komai ba. An tuɓe bagade, ba fure, ba kyandir. Da aka zo sumbatar gicciye na shiga layi. Na kai gaba, na ga ba zan iya durƙusawa ba. Ni da nake naɗe jikina kamar mayafi gaban jama'a shekara ashirin da huɗu.

Soledad ta zagayo da hannu ta riƙe ƙuguna ta baya. Ta raɗa mini, “Sake jikinki, ina riƙe da ke.” Na ba ta nauyina duka. Ta sauke ni, na sumbaci ƙafar, ta ɗaga ni.

Fada Atilio, yana goge itacen da farin ƙyalle, ya ce ƙasa-ƙasa, “Taurin kai.” Na ce, “Ranar Asabar zan furta.”

Muna fitowa agogon dandali ya buga biyar. Na san labule na tashi. Na tsaya a matakalar coci ina ƙirga kiɗan farko a raina har inda matar ke fitowa, sannan na ce mu tafi. Na yi kuka a cikin tasi, na zagi direba don ya bi ta gaban gidan wasa. Bai san me ya yi ba, bawan Allah.

Asabar, 19 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Doña Nélida ta kira tun ban sha mate ba. Candela ta makance da hasken hagu ta kusa faɗawa ramin makaɗa, amma a matakala ba ta yi murmushi ba. Matan Tacuarembó sun nemi a mayar musu da ni, Dogo ya fito gaban labule ya yi musu bayani, ɗaya ta kira shi arne. Suna nan zuwa da rana, su sha huɗu, a ɗakin da ke da kujera biyar.

Har yanzu ina fushi da Shi, Ya sani. Baɗi ba ni da abin da zan bari. Sai Ya nemi wani abu, Ya san inda nake.

Soledad na tsaye a kaina da waya, ta samo mana layin likitan ƙashi ranar Litinin, tana tambaya me za ta ce yana damuna.

Kwatangwalona ba lafiya. Tun bara.